Babur Mai Caji a Hanyar Fakku

Assalamu alaikum, ƙanena Umaru.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Rabi da yara. Yaya ruwan Fatakwal? Mu nan Kebbe sai godiya, sai kuma gajiya.

Labarin da aka kai maka gaskiya ne. Babur mai cajin da ka aiko ya kayar da ni cikin rairayin hanyar Fakku, gwiwata ta kumbura. Ƙarfinsa ya yi yawa, ga shi ba ya ƙara balle kunne ya auna. Ina taɓa totur sai ya zabura. Wani bakanike a Tambuwal ya rage masa zafin tashi. Sauran gyaran na hannuna ne: a hankali nika murɗa totur ɗin yanzu, yadda Inna ta koya mini jan zare a mazari, babu fizga. Jiya na je gona na dawo lafiya.

Ka ce a karɓe makullin, a samo mai kai ni. Shekara talatin ina shugabantar makaranta ban tsaya jiran kowa a bakin hanya ba, kuma ba ni da ƙarfin koyon jira yanzu. Makullin yana wurina.

Ka sa ni a addu'a, kumburin ya sace kafin girbi. A gaida mutanen gida.

Yayarka,
Asma'u