Muƙamuƙin Kadan Gulma

Badariya, Birnin Kebbi
Watan Afrilu

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga mahaifinta, da fatan takardar nan ta same ka cikin sauƙi. Yaya gwiwoyin? Yaya zafin Argungu? Inna, na san ke ce mai karanta masa, ina gaishe ki, kuma don Allah kada ki tsallake ko layi ɗaya don tausayina.

Baba, an gama taron da ka yi ta tambaya a kai. Masu nazarin halittun da suka zama dutse, irina da irinka, sun zo daga jami'o'i aka zauna kan tambaya ɗaya: ina wannan ilimi zai dosa nan gaba? Wasu suka ce a ci gaba da haƙo manyan ƙasusuwa, su ke jan ido. Wasu suka ce a koma ga ƙananan abubuwan da sai da madubin ƙara girma ake ganin su, ƙurar furanni da ɓawon 'yan halittun ruwa da ke cikin ƙasar da ake fitarwa in ana haƙa rijiyar burtsatse. Su za su faɗa mana yadda kwarin Rima ya sha cika ya sha ƙafewa tun zamanin da, kuma mai shinkafa a fadama yana da buƙatar wannan labari.

Aiki ɗaya kaɗai ƙungiyarmu za ta iya ɗauka bana. Muƙamuƙin kadan nan naka da ya zama dutse a kwazazzabon Gulma yana cikin abin da aka gabatar, ni na gabatar da shi da bakina. Amma da aka zo ɗaga hannu, ƙananan na ɗaga wa.

Har yanzu ina ganin gaskiya na bi. Sai dai tun ranar abinci ba ya shiga mini. Tun ina firamare, kana koyarwa a nan Birni, kowace bazara kake zuwa ka yaɓe ƙashin nan da laka da ciyawa kamar rumbu don kada ruwa ya cinye shi, kana jiran ranar da za a zo da kayan aiki a ɗauke shi ɗungurungum. Kana yi mini ba'a wai ka haifi mai ɗauke shi. Ga shi bana gwiwa ta hana ka zuwa, 'yar da ka haifa kuma ta juya masa baya a gaban jama'a.

Na yi alkawari zan je in rufe shi da hannuna kafin ruwa ya sauka. Ka yafe mini.

'Yarka,
Ɗayyaba

Badariya
Watan Mayu

Babana,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata maganin da na aiko yana yi maka aiki, kuma Inna ta daina fama da tarin nan.

Albishirinka, na cika alkawari. Na je Gulma, Maigandi mai gonar da ke bakin kwazazzabon ya raka ni, yana ta tambayar lafiyarka. Na ɓanɓare tsohon yaɓenka, na yi rami na kewaye ƙashin har ƙasansa, na lulluɓe shi da jiƙaƙƙiyar takarda, sannan na naɗe shi da buhu da farin filasta, irin wanda ake ɗaure karaya da shi a asibiti. Haka ake yi ko'ina a duniya. Kada ka ji haushi, amma lakarka ta yi ritaya kamar mai ita. Yanzu ko ruwan Ɗufana aka yi, kadanka na nan daram, fari fat, tun daga hanya ana hango shi.

Ban samu na biyo ta gida ba. Masu haƙa rijiyar burtsatsen da muke ɗibar ƙasarta suna jirana a wajen Augie, kuma in ba na kusa sai su zubar da ƙasar a haɗe, ta sama da ta ƙasa, aikin ya tashi a banza. A gurguje na yi komai na wuce. Na san Inna za ta ce na zama baƙuwa, kuma ba ta yi ƙarya ba.

Baɗi in Allah Ya kai mu zan sake gabatar da shi, kuma wannan karon ba zan sauke hannuna ba.

Taka har kullum,
Ɗayyaba

Badariya
Watan Yuni

Baba,

Assalamu alaikum. Ina tambayar lafiyarka da ta Inna, ko da yake kunya ta sa ban san da wane baki zan tambaya ba.

Na san Maigandi ya riga ni zuwa da labarin, amma ya kamata ka ji daga gare ni. Shekara da shekaru mutane na wucewa ta gaban lakarka, ba wanda ya ko kalle ta, don kalarta ɗaya da bangon kwazazzabon. Farin filastana kuwa bai yi sati ba magana ta zagaye ƙauyuka, wai ma'aikata sun zo daga Birni sun sa alama inda zinariya take. Ranar da Maigandi ya tafi kasuwa aka zo da diga da shebur. Da suka fasa suka ga dutse ne kawai, sai suka ci gaba da haƙa bayansa. Ruwan farko ya kwashe abin da ya rage. Na je na bi kwazazzabon har inda ya faɗa fadama, abin da na tsinta bai cika tafin hannu ba.

Ban ga laifinsu ba. Ni da na tashi a ƙasar nan, na san abin da farin abu a tsakiyar daji ke sa mutane su zata. Garin neman in wanke kaina a wurinka na yi abin da littafi ya ce, ban tsaya na tambayi dalilin lakarka ba.

Inna ta kira ni jiya. Na so a ce faɗa ka aiko da shi, da na fi samun sauƙi. Ta ce cewa ka yi Allah Ya sa haka ya fi alheri, kuma tambaya ɗaya gare ka. Wai kai ba ka taɓa buɗe ɓarin da ke binne ba don tsoron kada ya karye, tun da kuwa na yi rami har ƙasansa, ni kaɗai ce a duniya na ga haƙoran wannan ɓarin. Kana so in faɗa maka ko sirara ne irin na mai cin kifi, ko kuwa masu kauri.

Tun jiya nake juya abin. Zan iya zaɓar ɗaya in faɗa maka, ka yarda, ka ji daɗi, ba kuma mai ƙaryata ni har abada. Amma ba haka ka rene ni ba. Baba, yatsuna sun bi ta kansu lokacin da nake manna takardar, na ji su a jere. Hankalina yana Augie. Ban ɗauki hoto ba, ban sunkuya na duba ba.

Ina nan tafe ranar Juma'a. Inna, in kin kai nan ki ajiye takardar ki zauna kusa da shi.

'Yarka mai neman gafara,
Ɗayyaba