Taragon Babanku

Assalamu alaikum Auta. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙarfin jiki, ya ɗan angon nawa? Allah ya raya mana shi, ya ba ki lafiyar shayarwa. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Gwaggonki, ita ma sai an ambaci wanke-wanke take tashi.

Ki ba mijinki haƙuri, na ji ya wuni a tasha yana jiranmu. Wallahi da wuri muka fito, Babanku ne. Muna isa ya ce shi ba zai shiga sabon tarago ba, wai sanyin esi na kama masa gwiwa, ga taga ba ta buɗuwa. Wai tsoho ake nema, kuma shi ya san alamunsa: ƙusoshi jere a jiki kamar ƙuraje, tagar katako mai ɗagawa sama, fanka a rufi cikin raga. Ina biye da kaya niƙi-niƙi, shi yana ƙwanƙwasa kowane tarago kamar mai sayen kankana.

Can ƙarshe ya samu nasa, ba kowa a ciki. Ya ce kin gani, mutanen yanzu ba su san abu mai kyau ba. Muka baje, har na cire takalmi. Jirgi ya yi kuka, ya ce bismillah. Ya dinga yabon tafiyar, wai ko girgiza babu, aikin mutanen dā ke nan. Na leƙa na ce Malam, mai sayar da ruwan can fa na ɗazu ne. Ya ce ai duk kamarsu ɗaya. Sai da kaza ta fito daga ƙarƙashin kujera da 'yan tsakinta sannan ya sauka ya duba. Auta, taragon nan ba a haɗe yake da komai ba, ciyawa har ta rufe masa ƙafafu! An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, to wannan karon babba ko bayan jirgin bai hango ba.

Ran Asabar muna tafe in Allah ya yarda, raina duk yana kan jinjirin nan. Ni zan zaɓa, alamata ɗaya ce: inda na ga mutane.

Ki gaida surukina da Yaya Dogo da Kawunki Tela. Babanku na gaisuwa, amma kar ki tayar masa da zancen, ya gaya wa maƙwabta wai direban ne ya manta da mu.

Taki har kullum,
Inna