Motar Lawwali

Winnipeg, Kanada
14 ga Satumba

Zuwa ga Babana, Malam Siddiq,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Ya ƙarfin jiki, ya gwiwar? Ina gaida Inna Hadiza da duk mutanen Ƙofar Durbi. Muhyiddeen ma yana gaisuwa.

Baba, na san ba ka son a yi magana mai nauyi ta waya, shi ya sa na zauna na rubuta, zan ɗauki hoton takardar in turo. Shawarar mota nake nema. An mayar da ni wani asibiti a bayan gari, tafiyar minti arba'in, bas kuma sau biyu kawai yake zuwa a yini. Nan da wata biyu ƙanƙara za ta fara sauka, hanya ta yi santsi kamar an zubar da miyar kuɓewa. Abokan aikina sun ce sai mota mai ja da ƙafa huɗu.

Akwai wani ɗan Katsina a nan, Lawwali, ɗan unguwar Gobarau, sana'arsa sayar da motocin hannu. Ya nuna mini wata, shekararta goma sha biyu, tana ja da ƙafa huɗu, tana da turbo mai ƙara wa inji ƙarfi, jikinta fes. Ya ce tunda ni 'yar gida ce zai bar mini ita kusan rabin yadda ake sayar da irinta. Ga hotuna nan. Ka yi shekara talatin da biyar a ƙarƙashin motoci, ba wanda zan tambaya sai kai.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Muhsina

Ƙofar Durbi, Katsina
18 ga Satumba

Ɗiyata Muhsina,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, gwiwa da sauƙi. Innarki tana amsawa, ta ce a tambaye ki ya aiki, ya maigidan.

Na duba hotunan da tabarau, na sake dubawa. Motar ta sha wanki har inji, ni kuwa injin da aka wanke kafin a nuna wa mai saye ba ya kwanta mini, don wanki yana ɓoye inda mai ke yoyo. Sannan ruwa ba ya tsami banza. Mai sana'a ba ya yar da rabin kuɗin kayansa don an haɗa gari.

Ga abin da za ki yi. Ki je wurinsa da sassafe, kada ki faɗa masa za ki zo. Kafin ki gaishe shi ki ɗora hannu a bonet. In kin ji ɗumi, to ya riga ki tashi. Motar da turbonta ya gaji da safe take tona kanta: ki tsaya bayan salansa a tayar, in hayaƙi ya fito shuɗi, mai take sha. Ki buɗe murfin baƙin mai, in kin ga fari-fari kamar kindirmo ki yi sallama. Ki duba tayoyin nan huɗu, dole su zama iri ɗaya, cinsu ɗaya, in ba haka ba irin wannan motar giyarta take ci. Ki durƙusa ki leƙa ƙarƙashi. Motocin ƙasashen sanyi da suka zo mana ta Kwatano, na sha ganin gishirin da ake zubawa a hanya don narkar da ƙanƙara ya cinye su daga ƙasa, sama kuwa kamar amarya.

Ban taɓa ganin ƙanƙararku ba, amma na san taɓon damina. Ƙafa huɗu tana taimakon tashi, ba ta taimakon tsayawa. Tsayawa aikin taya ne da birki.

Sai abu ɗaya. Mijinki Muhyiddeen yana da mota, shi ya turo mini hotonta bara. Ina take? Kuma mi ya hana shi zuwa ya duba miki wannan? Shafi guda kin cika, sunansa bai fito ba sai a gaisuwa.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki

Winnipeg
25 ga Satumba

Baba,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa, ina gaida Inna.

Na je ranar Talata ƙarfe bakwai. Bonet da ɗumi. Lawwali ya ce fita ya yi da ita ya dawo, ya yi dariya ya ce halan Malam ne ya koya mini. Ban ga hayaƙi ba. Murfin mai ba komai. Tayoyin gaba sababbi ne, na baya tsofaffi, ya ce zai canza su. Ƙarƙashin an shafe shi da wani baƙin fenti mai kauri, ya ce maganin tsatsa ne, kowa yana yi a nan.

Ya ce akwai wani mai so, ni yake jira zuwa ƙarshen wata mai kamawa. Baba, mutumin nan yana da kirki, ba zan iya yi maka bayani duka a takarda ba. Zan ji kunyar ce masa a'a.

Muhyiddeen lafiya lau, abubuwa ne suka yi masa yawa. Motarsa ba ta nan yanzu.

A yi mana addu'a.
Muhsina

Ƙofar Durbi
2 ga Oktoba

Muhsina,

Bayan sallama da gaisuwa, da fatan kin tashi lafiya.

Jiya bayan la'asar na hau adaidaita na je Gobarau. Ban sha wahalar samun gidan su Lawwali ba, kawunsa Alhaji Yahaya tsohon mai kawo mini gyara ne. Mun daɗe muna gaisawa a zaure kafin in kawo sunan yaron. Sai Alhaji ya tashi ya ce in biyo shi. A bayan gidan akwai mota an ɗora ta kan bulo, kaji suna kwana a ƙarƙashinta. Lawwali ne ya aiko masa da ita shekara biyu da suka wuce. Wata biyar ta yi tana tafiya, daga nan wuta ta fara ɗaukewa, wata rana ta mutu a hanyar Jibiya ba ta sake tashi ba. Na ɗaga kafet, na sa yatsa, busasshen taɓo na kankaro. Motar ta taɓa nutsewa a ruwa kafin a loda ta a jirgi. Alhaji ya ce yaron ya rantse shi ma cutarsa aka yi a wurin gwanjo, kuma don zumunci bai sake tayar da maganar ba.

Baƙin fentin da kika gani, mai gaskiya yana shafa shi, maƙaryaci ma yana shafa shi. Ba a ganewa sai an ɗaga mota an ƙwanƙwasa.

Daga can na wuce GRA na gaida surukarki Hajiya Rahama. Ta ce mako bakwai ke nan ba ta ji muryar ɗanta ba. In ta kira ba ya ɗagawa, sai ya aiko da saƙo a rubuce wai yana wurin aiki. Ta tambaye ni ko na san wani abu, na ce ban sani ba, kuma gaskiya na faɗa.

Muhsina, ba jiya na zo duniya ba. Motar miji ba ta nan, muryar miji ba ta nan, ga wani namiji yana miki rangwamen da ba ya yi wa kawunsa, ke kuma kina jin kunyarsa. Na kwana ina saƙa da warwara, kuma duk abin da na saƙa ba mai daɗi ba ne. In aurenku ne ya samu matsala, ki faɗa mini. In hukuma ce ta riƙe shi, ki faɗa mini. Ba zan sake cewa komai kan mota ba sai na ji daga bakin Muhyiddeen.

Wassalam.
Babanki

Winnipeg
6 ga Oktoba

Zuwa ga Baba Malam Siddiq,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaisuwa cikin girmamawa, tare da neman afuwa. Ni ne Muhyiddeen. A yi haƙuri da rubutun, da hannun hagu nake yi.

Baba, laifin nawa ne, ni na hana Muhsina faɗa. Ranar sha biyu ga Agusta ina tuƙi jinina ya hau, ɓarin jikina na dama ya saki. Motar ta bugi ƙarfen gefen hanya, ba ta gyaruwa. Allah ya sa ba wanda na taɓa. Na yi mako uku a asibiti. Yanzu ina takawa da sanda, amma harshena bai dawo daidai ba, shi ya sa ba na ɗaga wayar Hajiya. Kun san ciwon zuciyarta. An kuma dakatar da ni daga tuƙi.

Muhsina ce ke aiki, ita ke jinya. Lawwali kuwa, tun da na fito shi yake kai ni gashin jiki sau uku a mako, shi yake kai ni masallaci ran Juma'a, bai taɓa karɓar ko na mai ba. A cikin wannan motar yake ɗaukata. Kunyar da take ji ke nan, babu wata. Na ga abin da zuciyarku ta raya, ban ga laifinku ba, mu muka bar ku cikin duhu.

Ina roƙon a yafe mana, a kuma ba mu shawara.

Ɗanku, Muhyiddeen

Ƙofar Durbi
10 ga Oktoba

Muhyiddeen da Muhsina,

Wa alaikumus salam. Sannu Muhyiddeen, Allah ya sa kaffara ne, ya tashi kafaɗunka. Muhsina, na yi miki mummunan zato, ki yafe wa tsohonki.

Ban nemi izininku ba, na ɗauki Innarku muka je GRA. Hajiya tana ganinmu tare ta ajiye carbinta ta ce, "Malam, ya rasu ne?" Kun ga abin da shirunku ya jawo. Na ce yana raye, har ya rubuto da hannunsa, na miƙa mata wayar. Ta yi kuka, ta sha maganinta, ta ce ko da kalma ɗaya yake iya furtawa ya kira ta. Ka kira ta yau.

Lawwali ya yi muku abin da ɗan'uwa ke yi, Allah ya saka masa. Amma alherinsa ba zai riƙe birki a kan ƙanƙara ba, kuma motar nan marar lafiya za ta riƙa ɗauka, da matar da gidan duka ya rataya a wuyanta. Ku ce masa ni na ce a kai ta wurin bakaniken da bai san shi ba, ku zaɓa da kanku, a ɗaga ta sama. In lafiyarta lau, ku saya, ni kuma in je Gobarau in ba Alhaji Yahaya labarin kirkin ɗansa. In ya hana a kai ta, kun sami amsa. Ku ɗora mini laifin, tsoho ba ya rasa rigima.

Kuma ba dole sai mai turbo ba. Ƙaramar mota mai sauƙin inji da tayoyin sanyi masu kyau ta fi mini kwanciyar rai.

Allah ya ba da lafiya.
Babanku

Winnipeg
30 ga Oktoba

Baba,

Assalamu alaikum. Muna gaisuwa, muna gaida Inna. Jikin Muhyiddeen da sauƙi, kullum suna waya da Hajiya.

Lawwali bai hana ba, da kansa ya tuƙa ta zuwa garejin da na zaɓa. Da aka ɗaga ta, bakaniken ya soka sukurdireba a cikin baƙin fentin, ta shige. Ya ce turbon yana yoyo, bututun birkin baya kuma tsatsa ta kusa huda shi. Lawwali ya daɗe yana kallo, sannan ya ce bakaniken neman aiki yake, motar lafiyarta lau. Na kalli fuskarsa ban iya karanta komai ba.

Na sayi wata ƙarama a hannun wata abokiyar aikina, ba turbo, an duba ta, an sa mata tayoyin sanyi. Jiya ƙanƙarar farko ta sauka, na je na dawo lafiya.

Gobe Juma'a ina wurin aiki. Ɗazu Lawwali ya aiko cewa zai zo ɗaukar Muhyiddeen masallaci kamar kullum, a cikin waccan motar tasa. Muhyiddeen ya ce ba zai iya ce masa kada ya zo ba. Baba, in bar shi ya shiga?

Ina jiran amsa kafin gari ya waye mana.
'Yarka, Muhsina