Na Koma Aji, Kabula

Zuwa ga matata Kabula, sanyin idona, ruwan farko bayan dogon rani, iskar tafki mai kashe zafin rana. Gaisuwa daga Mwanza, daga gidan da ya yi mini faɗi tun ranar da aikin jinya ya ɗauke ki zuwa Jamus. Wata goma sha huɗu ke nan, abar ƙaunata! Har yau kofi biyu nake saukowa da su da safe, sai na tuna in mayar da ɗaya.

Akwai abin da na ɓoye miki. A waya bakina ya kasa, shi ya sa na ɗauki biro. Kin san na faɗi jarrabawar Jamusancin nan da ba za a ba ni bizar biyo ki ba sai da ita. Abin da ba ki sani ba, tun da na dawo daga Dar es Salaam inda na rubuta ta ban sake taka aji ba, sati biyar cur. Duk ranar da kika tambayi karatu na ce miki ana fama, ƙarya nake yi. Ki yafe mini.

Gundura ce ta cinye ni, Kabula. Wane irin yare ne wannan, cokali namiji, cokali mai yatsu mace, wuƙa kuwa ba ta nan ba ta can? Ni da nake kwance injin kwale-kwale in ɗaure shi ido rufe, a ce kalma goma ta gagare ni riƙewa daga safe zuwa azahar! A bakin tafki kuma Shija, abokin gyarana, ba ya raga mini: "Bajamushe, yau me kifi ya ce da yarenku?" Masunta su kwashe da dariya, ni ma in taya su. In na koma gida na buɗe littafi, baƙaƙen su yi ta yawo kamar tururuwa. Wa zan gwada wa abin da na koya? Bango?

Kin tuna ranar da muka shiga jirgin ruwa zuwa tsibirin Ukerewe gaida mahaifiyarki, hadari ya taso, kika damƙe hannuna kina rantsuwa ba tsoro kike ji ba, gadina kike yi kada in faɗa ruwa? Wayyo, hannun nan! Da yana kusa, da ban saki littafin ba.

Larabar da ta wuce muna waya lokacin hutunki na rana, wata tsohuwa cikin waɗanda kike jinya ta yi miki tambaya, kika amsa mata da Jamusanci ba ki kashe wayar ba. Kabula, na gane! Ba littafi, ba malama, kunnena ya kama shi tas: "Mijina ne. Yana koyo. Zai zo kafin sanyi." Sifana ta suɓuce daga hannuna, na zauna daɓas a kan yashi. Shija ya rugo yana cewa, "Mayala, lafiya? Wa ya mutu?" Kina can kina bugun ƙirji da ni a gaban baƙi, ni ina nan na yar da littafi a ƙarƙashin gado.

Washegari na koma aji. Malama Nyanjige ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ɗan'uwa, ai mun ɗauka kada ya haɗiye ka. Zauna, shafi na arba'in." Yanzu kowane ƙarfe a rumfarmu ta gyara na rubuta sunansa na Jamusanci da alli. Injin da ya ƙi tashi da Jamusanci nake masa faɗa. Shija ma ya karɓi aikin yi mini tambaya biyar kowace safiya, don dai ya ga na faɗi ya samu abin dariya. Ba zan ce miki na kamu da son yaren nan ba, furen zuciyata. Har gobe gundura tana zuwa ta zauna kusa da ni, sai dai na daina tashi in bar mata kujera.

Na sake yin rajistar jarrabawar, za a yi ta sha biyu ga Satumba. Roƙona ɗaya: minti biyar na farkon kowace waya ki yi mini Jamusanci, a hankali, in na kwafsa ki yi dariyarki son ranki, ita ma kewarta nake yi. In na sake faɗuwa zan koma, sau uku, sau huɗu, har su gaji da ganin fuskata. Ki ce wa tsohuwar nan ta jira ni, da bakina zan gaishe ta.

Naki ne jiya, naki ne yau, naki har numfashin ƙarshe,
Mijinki, Mayala