An Yarda da Raunin Baffa

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya Fatakwal, ya aiki, ya iyali? Mu nan Yalwawa kowa lafiya, alhamdu lillahi.

Albishirinka! Ƙarar da muka ɗaukaka ta yi nasara, za a ba Inna haƙƙin Baffa. Da farko 'yan kwamitin fansho sun ce tsufa ne ajalinsa, ba aikin soja ba, tunda bai taɓa zuwa asibiti ba. Ina suka san fulakon Baffa, mutumin da ko "wash" ba ya cewa a gabanmu?

Limamin da ya yi masa wanka ne ya je gaban kwamitin, bayan ya nemi izinin Inna. Ya shaida cewa raunin harsashin da ke kwiɓinsa bai taɓa warkewa ba, da tsumma yake ɗaure shi. Abokin aikinsa na Miga shi ma ya rantse cewa a gabansa aka harbi Baffa.

Inna tana dariya tana hawaye ta ce, "Shekara da shekaru ina wanke tsumman nan, ya hana ni faɗa. Yau dai an faɗa."

Ka gaida Anti Rabi da yara, a sa Baffa a addu'a. Kai kuma tarin nan naka, ka je asibiti. Kada ka gaje shi.

Ƙanwarka,
Hadiza