Ban Goge Kwamfutar Yaya Ba

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar taki? Baba yana shan maganinsa, ko sai kin yi faɗa? Ni lafiyata ƙalau.

Makon nan na ɗan sha fama a wurin aiki. An ba ni wani laburaren manhaja, wato tarin shiryayyun umarnin kwamfuta, in ɗora a kwamfutar marigayi Yaya da nake aiki da ita, ya ƙi hawa. Kwamfailar da ke ciki, wato manhajar da ke juya rubutunmu zuwa abin da na'ura ke ganewa, ta tsufa. Shugabana ya ce, "Goge komai ki sa sabo, ko in ba wani aikin."

Inna, na kasa. Yaya ne ya saita ta, duk na kunna sai ta rubuta, "Auta, kin ci abinci?" Zan iya sake rubutawa, amma ba hannunsa ba ne.

Kwana uku ina lallaɓa sabuwar kwamfaila a gefen tsohuwar, har laburaren ya hau. Aikin yana hannuna.

Ki sa mini albarka. Yau ma kwamfutar ta tambaye ni. Na ce na ci, kamar yadda nake faɗa miki.

Autarki