Gonar Baba ta Bakin Kanal ɗin Ban-ruwa

Yaya Sale,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya ciwon ƙafar? Mu a Kura lafiya lau.

Injin ban-ruwana, shagon takina, kujerata a kwamitin filaye, duk gumina ne. Amma ranar ƙuri'a kan yanka gonar Baba a yi fulotai, doka ta ce wanda abin ya shafa ya fita. Na fita, na zauna a benci a waje. Yaya, 'yan kwamitin da kullum muke musu da su, su suka ce a bar mana gonar. Alhamdu lillahi. Ban saba a yi mini alfarma ba, amma har gida na bi su da godiya.

A sa mu a addu'a, a gaida yara. Na dai ce wa sakataren kwamitin lallai ya rubuta: Garba da ƙafarsa ya fita, ba korarsa aka yi ba.

Ƙaninka,
Garba